Karnukan Bayan Asibitin Dabbobi

Ni mahauci ne, gidanmu Ƙofar Marke, kuma har na kai shekara arba'in ban taɓa shafa kare ba. Tunkiyata ce ta daina cin abinci, na kai ta asibitin dabbobi. Ina jiran likita sai na ji kuka ƙasa-ƙasa daga bayan ginin, na zagaya. Wani keji ne na waya, kwanon rufinsa ya ɓule, karnuka huɗu a ciki, haƙarƙari duk a waje, kaska ta cika musu kunnuwa.

Dattijon da ke gadin wurin ya ce na wasu ma'aikata ne da suka zauna Sabon Gari. An yi musu canjin wurin aiki, suka kawo ajiya, ba su sake waiwayowa ba. Shi ke raba ɗumamensa da su.

Na ce, "Baba, ɗumame guda mi za shi yi musu?"

Ya ce, "To ɗana, abin da ag gare ni ke nan."

Daga ranar, in na tashi daga mahauta sai in biya da ƙashi da huhu a leda. Likita ya yi musu allura, ni da Baba muka wanke su da maganin kaska. Cikin wata guda har sun san ƙarar babur ɗina.

Da na yi wa uwargida maganar kawo ɗaya gida, ta ce, "Maigida, kawo shi. Kai da shi ku kwana zaure."

Sai na tuna yayana da ke Wamakko, wanda awakin mutane suka addabi garkar albasarsa. Da na kira shi na ba shi labarin karnukan, ya ce in kawo su duka.

Mai keke napep ɗin da na tsayar ya daɗe yana kallonsu kafin ya yarda. Tun daga gari yake salati, don wani jan kare ya ɗora haɓa bisa kafaɗarsa ya ƙi saukewa. Muna isa ya ce, "Wallahi wanga ya fi wasu fasinjoji ladabi."

Uku suka kama aiki nan take, akuya ba ta sake shiga garkar ba. Ta huɗun, wata tsohuwar karya mai ɗingishi, ta kwanta ƙarƙashin iccen dogon yaro ta ƙi cin komai har kwana uku. Na ɗauko ta na mayar asibitin.

Na iske Baba zaune bisa benci, ɗumamensa a gaba bai taɓa ba. Ta nufe shi da ɗingishinta, ta kwanta bisa takalmansa. Ya gyara hula, ya ce, "Ashe kin dawo."

Ba ta sake shiga keji ba, ƙarƙashin bencin nan take wuni. Yanzu duk karen da aka yasar, likita ni yake kira, manoman Wamakko kuwa har rige-rigen karɓa suke yi.