Wa zai yanka kajin Mama Nkechi bana?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina tsaye a shagona na Idi-Araba, almakashi a hannu, ɗinkin Kirsimeti ya taru mini har wuya, sai waya ta shigo: Baba Garba ya rasu.

Ya yi sallar asuba, ya koma ya kishingiɗa, shi ke nan.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Na zauna in rubuta kuka, amma duk abin da na tuna game da mutumin nan sai in ji dariya ta taso mini. Ku yi mini uzuri.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Garba tsohon mahauci ne a abbatuwa. Shekara tara muna gidan haya ɗaya a Agege, irin gidan nan na face-me-I-face-you mai ɗakuna a jere suna kallon juna, kafin in tashi. Hausawa, Yarbawa, Ibo, duk famfo ɗaya muke layi, kuma a kan famfon nan babu faɗan da ba mu yi ba.

Amma idan Disamba ta zo, sai gidan ya zama wani abu daban. Yara na fasa banga, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, ana fentin ƙofofi, rediyon kowa na gasa da na maƙwabcinsa, kaji a ɗaure a bayan gida suna ta cara. Baba yakan ce a garinsu yanzu ne dare ya fi tsawo, ana kewaye wuta ana gasa dankali, amma Legas ba ta san sanyi ba, sai hayaniya.

Ranar jajiberin Kirsimeti kuwa tasa ce. Da hantsi zai fito da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya bi ɗakunan Kiristocin gidan ɗaya bayan ɗaya. Su ne suke roƙonsa ya yanka musu, don idan an dafa mu ma mu iya ci. Washegari kwanukan shinkafa da miyar kaza su yi ta tsallaka baranda. Da Babbar Sallah kwanukan su koma da naman rago.

Masu shirin zuwa comment da fatawa, don Allah yau ku bar ni. An taɓa tare shi da wannan maganar a gabana, ya ce, "Ni ba bikinsu nake yi ba, maƙwabtaka nake yi."

Mama Nkechi, mai ɗakin da ke kallon nasa, ita ce uwar wannan harka. A al'adarsu ta Ibo ƙundun kaza na maigida ne, ba mai taɓawa. Amma mijinta da kansa ya sallama wa Baba. Kowace shekara sai an kawo masa ƙundu a ɗan kwano daban, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce, "Yau ni ne Papa Nkechi." Mijin ya ce, "Alhaji, na only gizzard I give you o! Ƙundu kawai na ba ka!"

Ni kuwa tela ne. Ko allura ce ta soke ni na ga jini, sai na nemi wurin zama. Baba ya gano wannan tun shekarar farko, ya raɗa mini suna Ajebota, wato ɗan gata da bai san wahala ba, har matata ta kama.

Wata shekara ya rantse sai na koya. Ya miƙo mini wuƙa, ya nuna mini yadda zan taka fukafukai da ƙafafu, in fuskanci alƙibla. Na rufe ido na fara bismillah. Na maimaita. Na sake maimaitawa.

"Ajebota, yanka za ka yi ko saukar Alƙur'ani?"

Ina buɗe baki in ba shi amsa, zakara ya fizge. Gida guda muka bi shi, Mama Nkechi da ludayi, Iya Tope mai ɗakin ƙarshe zaninta a hannu, har bakin titi, inda wani kwandastan motar haya ta danfo ya cafke mana shi. Baba bai motsa daga kan bencinsa ba, dariya har da hawaye.

Amma shi ne mutumin da, ranar sunan 'yata ta fari, ya zo tun da sassafe ya yanka rago, ya feɗe, ya gyara, sannan ya gaya wa surukaina wai ni na taya shi. Wallahi ko igiya ban riƙe ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Agege, muka haɗu a teburin mai shayi bayan an sauko daga masallaci. Na lura kofin na rawa a hannunsa. Ya ga na gani.

Ya ce, "Hannun ya fara gardama. Bana ka zo, kai ka riƙe wuƙa, ni in riƙe ƙafa. In ba mai yanka, kwanukan nan za su daina yawo."

Na ce, "Baba, aiki ya yi mini yawa, kwastomomi kamar su cinye ni. Sai dai baɗi."

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Wannan baɗin da na ce, shi ne yake ci mini rai tun safe. Aiki kam akwai shi, amma gaskiyar magana tsoro ne ya sa na zille.

Da muka dawo daga jana'iza na shiga gidan yin gaisuwa. Mama Nkechi na zaune a baranda cikin matan unguwa, ta yafa gyale, idonta ya kumbura. Ta kamo hannun rigata.

"Oga Tela, kaji huɗu na saya tun last week. Baba don go, ya tafi ya bar mu. Na ce wa Papa Nkechi bana a bar shi kawai, mu dafa namu mu ci a ɗaki. Wa zai yanka?"

Mahauta sun cika Agege, na sani, ita ma ta sani. Amma ba baƙo take nema ba, ɗan gida take nema.

Na ce, "Mama, kar ki fasa komai. Jibi da hantsi ina nan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Ajebota?"

Sai ga mu muna dariya a gidan makoki, ni da ita, hawaye na zuba.

Ya Allah ka jiƙan Baba Garba, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya kyautata wa maƙwabtansa, ka ba shi maƙwabta nagari a Aljanna Firdausi. Ka ba iyalinsa haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a ko da ta minti ɗaya ce. Idan kun gama, ku ɗan saka ni a ciki. Jibi da hantsi zan riƙe wuƙa, kuma babu mai riƙe mini ƙafa.