Maitama Ɗan Dako da Sankarar Hanji

A kasuwar hatsi ta Funtua, idan aka ce Maitama, ba a tambayar wanne. Mutumin Tsiga ne, ɗan dako, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ke sungumar buhun masara shi kaɗai ya wurga cikin tirela. Ga shi da baƙar zuciya. Ya taɓa karya wa wani direba haƙarƙari biyu don ya zagi uwarsa, ya yi kwana uku a hannun 'yan sanda, ya fito ko a jikinsa. Abin da ake yaba masa ɗaya ne: bai taɓa ɗaga wa matarsa Hansai hannu ba. In ransa ya ɓaci a gida, ƙofa da kwanuka ne ke jin jiki.

Yana da shekara arba'in da bakwai ya fara ganin jini a bayan gida. Ya ce basir ne, ya sayi jiƙo wurin wani mai tallar magani a bayan mota, ya shanye kwalba biyu. Jinin ƙaruwa ya yi. Wando ya fara zame masa. Wata ranar kasuwa, yana tsakiyar katakon hawa mota da buhun waken soya a ka, cikinsa ya murɗa kamar an caka wuƙa an juya. Ya faɗo, buhun ya biyo shi, bakinsa ya fashe, haƙora biyu suka zube a ƙasa.

Ƙanensa Haladu ya kai shi asibiti, daga can aka tura su Zariya. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da su.

"Malam Maitama, ba basir ba ne. Sankara ce a babban hanji. Za mu yanke wurin. Kafin ya warke, za mu buɗe maka kafa a gefen ciki, mu manna jaka, a nan bayan gida zai riƙa fita."

Maitama ya miƙe. "Ni za a rataya wa kashi a ciki?"

Ya fita ya kai wa bangon baranda naushi har sai da fatar hannunsa ta saɓule. Haladu ya riƙe shi ta baya, Maitama ya yi jifa da shi cikin kujeru. Da suka isa gida ya fasa randa, ya ɓalle ƙyauren ɗaki, ya tattake murhu. Hansai tana tsaye tana kallo har ya zauna yana haki.

"Maigida, ka gama?" in ji ta. "Ga tukunyar miya can, ka manta da ita. Fasa ta. Amma jibi za ka koma Zariya, ko da ɗaure ka za a yi."

Ya koma. Aka yi aiki, ya farka da ɗinki tun daga cibiya har mara, da jakar a gefen hagu. Wata ma'aikaciyar jinya, Fibi, 'yar Malumfashi, ita ta zo koya masa canza ta. Ya ɗauki wata tasa ya jefe ta da ita, ta goce, ta ɗauko ta ajiye.

"Baba, na yi jinyar waɗanda suka fi ka faɗa. Riƙe almakashin nan, kai za ka yanka bakin jakar da kanka."

Ya riƙe. Ya ɓata jaka uku kafin ta huɗu ta zauna.

Sai ƙarin ruwan maganin sankara, wata shida. Ya yi amai har da jini. Bakinsa ya cika da gyambo, ruwan sanyi ya koma masa kamar haɗiyar kwalba. Akwai ranar da ya fizge allurar daga hannunsa, jini ya yi tsartuwa har rigar Haladu, ya ce a bar shi ya mutu a gida. Haladu ya danne masa kafaɗu aka mayar. A ranar ne Maitama ya gane ƙanensa ya fi shi ƙarfi yanzu, ya juya fuska ga bango.

Da damina ta kankama, magani ya ƙare, ya fara bin Haladu gona a bayan Tsiga, yana zama gindin ɗorawa yana kallon masu noma. Wata rana da hantsi suka ji ƙarar babura. Kafin su ankara 'yan bindiga sun zagaye gonar, uku-uku a kan kowane babur. Haladu ya zura da gudu cikin dawa, suka harbe shi a cinya. Suka ɗaure manoma biyu da igiyar shanu. Wani mai rawani ya zo kan Maitama.

"Tashi!"

Bai tashi da sauri ba, mutumin ya zabga masa gindin bindiga a ciki. Jakar ta fashe. Kashi da jini suka wanke masa riga, wari ya tashi. Ɗan bindigar ya ja baya yana toshe hanci, ya ɗaga rigar da bakin bindiga, ya ga jan naman hanji a waje.

"Wannan ai mushe ne," in ji shi. Ya shure shi a fuska, suka tafi da mutum biyun.

Maitama ya rarrafa cikin kunyoyin gona har inda Haladu yake kwance. Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure cinyar tamau. Likita ya hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa, amma ya durƙusa ya ja ƙanensa bisa gadon baya. Sau huɗu suna faɗuwa kafin titi. Yana jin wani abu na yagewa a cikinsa, yana zagi, yana salati, yana tafiya. Wani mai a-kori-kura ya kwashe su.

Haladu ya rayu, sai dai yana ɗingishi. Cikin waɗanda aka tafi da su, ɗaya bai dawo ba. Shi kuwa Maitama, hanji ya turo ta gefen kafar, sai da aka sake buɗe shi. Bayan wata takwas aka yi aiki na uku, aka haɗe hanjin, aka rufe kafar. Hoton da aka ɗauka bai nuna komai ba, aka ce ya riƙa zuwa duk wata shida.

Bai sake ɗaukar buhu ba. Yanzu ɗinke bakin buhuna yake yi, zaune a kan benci a rumfar wani dillali. Maganin ya kashe masa kan yatsu, har basilla takan soke shi bai sani ba sai ya ga jini a jikin buhu. Ya tsotse yatsan, ya ja tsaki, ya ce a turo na gaba.