Ranar da Wuta Ta Ci Raƙumin Amana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda mutane ke cewa ba a mantawa. Amma ranar da wutar daji ta ci raƙumin amana a kan idona, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun shuɗe, na bar ƙauyenmu na wajen Ollelewa na dawo Damagaram da zama, amma in na tashi ba da labarin har yanzu sai in ga kamar jiya aka yi.

A lokacin aurena na fari ya mutu, ina zaune gidan Baba ina taya su aikin kaka. Damina ta yi kyau a shekarar, irin kyawun da mu mutanen Damargu ba mu saba gani ba. Gero ya yi, ciyawa ta rufe daji, karangiya har gwiwa, in ka bi ta cikinta sai ka zauna cire ƙaya daga zane. Kowa murna yake yi, ana cewa bana dabba ba za ta san yunwa ba. Ba wanda ya kawo a ransa cewa ciyawar da ta bushe haka abincin wuta ce kafin ta zama abincin dabba.

Baba yana da wani aboki, Buzu ne makiyayi daga wajen Tenhya, abotar kuma gadonta suka yi daga iyayensu. Mu Kawu muke ce masa. Kowace kaka yakan kawo wa Baba raƙumi ɗaya don kwaso dammunan gero daga gona, ya koma arewa wurin garkensa. In an saki gonaki sai ya gangaro da dabbobinsa duka, su ci kara su bar mana taki, shi kuma ya tafi da hatsi. A shekarar nan, saboda geron ya yi yawa, bai kawo raƙumin da ya saba kawowa ba. Na hawansa ya kawo, wani farin amale dogo mai girman kai, wanda in ka miƙa masa harawa sai ya gama kallonka kafin ya karɓa. Ni da shi ba ma shiri, don ya taɓa tofa mini yawu a sabon kallabi.

To, a wajenmu kafin a saki gonaki dabba ba ta yawo sakaka. In ta faɗa gonar wani, sai gaban maigari. Don haka kowa dabaibayi yake yi wa tasa da igiyar kaba, ya kai ta bayan gonaki ta yi kiwo. Sai dai a wannan shekarar ɓarayi sun dame mu, wuƙa kawai suke sa wa igiya su kora dabba. Baba kuwa mutum ne da amana ke hana shi barci. Ya je wurin maƙeri aka ƙera masa sasari na ƙarfe, ya sayo ƙaton kwaɗo, yana ɗaure ƙafafun raƙumin na gaba ya kulle, mabuɗin ya jefa a aljihu. Yayana ya taɓa ce masa ya riƙa barin mabuɗin a gida, Baba ya ce abin da aka damƙa a hannunsa ba ya barin wa kowa. Mutane ma yaba masa suka yi, har wasu suka kwaikwaya.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Belbeji ce. Da sassafe Baba ya kai raƙumin wani kwari mai ciyawa gabas da gonarmu, ya kulle shi, ya hau mota ya tafi kasuwa. Mu mata muna masussuka a bakin gona. Bayan azahar sai wata maƙwabciyarmu ta ajiye taɓarya ta ce ita fa tana jin ƙauri. Muka yi mata dariya, muka ce tuwon da ta bari a gida ne ke kiranta. Ba mu rufe baki ba sai ga toka tana sauka a kan geron da muke sheƙa, ga tsuntsaye suna wucewa ta kanmu a gigice. Da na ɗaga kai gabas, sama ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa har inda ido ya tsaya.

Daga baya ne muka san mafarin abin. Wasu masu yin gawayi ne suka sare itatuwa can cikin daji, suka binne su a rami suka kunna, suka tafi shan shayi a inuwa. Iska ta yaye ƙasar da suka rufe ramin da ita, garwashi ya tashi ya faɗa ciyawa. Da suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai suka kwashe komatsansu suka yi ta kansu, ko ihu ba su yi wa kowa ba. Har yau in na tuna su sai raina ya ɓaci.

Gari ya ruɗe. Maza suka fito da gudu, kuma abin da kowa ya sani tun kakanni shi ne, wutar daji da ɗanyen reshe ake bugunta. Suka nufi inda aka saba karyo sabara da kalgo, sai suka tarar da kututture. Shekara da shekaru motocin itace na zuwa suna lodi zuwa birni, mu ma muna sara muna dafa tuwo, ba wanda ya lura an kai ƙarshe sai ranar da aka nemi reshe ɗaya aka rasa. Na ga dattawa suna tuɓe riguna suna bugun wuta da su, wasu da buhunan hatsi, wasu suna watsa ƙasa da hannu. Wutar kuwa ko a jikinta, iska na tura ta tana tsallake mutane.

Ni raƙumin ne ya faɗo mini a rai. Na kira yayana, ya ɗauki gatari, na ɗauki hauya, muka ruga kwarin. A hanya ya kira Baba a salula, da ƙyar ta shiga. Abin da na ji yana faɗa kawai shi ne, “Baba, wuta ce, ta nufi kwari, mabuɗin yana ina?” Sai na ga ya sauke wayar daga kunne, ya ce mabuɗin na aljihun Baba a kasuwa.

Mun tarar da jakuna da shanun mutane a wurin, masu su suna ta yanke dabaibayi da wuƙa, dabba na samun kanta ta yi yamma da gudu. Cikin ɗan lokaci kwarin ya watse, saura namu. Raƙumin ya riga ya ji ƙaurin, yana ta ruri, yana tsalle da ƙafafu biyu a haɗe, ya yi taku kaɗan ya faɗi a gwiwa ya sake miƙewa. Yayana ya kama akala ya durƙusar da shi da ƙyar, na sa dutse a ƙarƙashin kwaɗon, ya shiga dukansa da gatari. Maƙerin nan ya yi aikinsa tsakani da Allah, ƙarfen ko lanƙwasa bai yi ba. Da ƙotar gatarin ta tsage sai muka koma share ciyawar da ke kewaye da shi, ko wutar za ta zagaye ta wuce. Ina sharewa ina kuka ina zagin ɓarayi, ina zagin maƙeri, ina zagin wanda ban ma sani ba.

Da ya tsaya a inda muka share, wataƙila da ya sha. Amma dabba ba ta san dabara ba. Da zafin ya iso, ya fizge akalar daga hannun yayana ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa mai tsawo, sasarin ya harɗe shi ya kife. Na yunƙura zan bi shi, yayana ya damƙe hannuna ya ce, “Ke, so kike in kai wa Baba gawa biyu?” Ya ja ni muka gudu zuwa bakin rijiya, inda sawun dabbobi ya cinye ciyawa. Daga can muna jin kukansa. Ban taɓa sanin raƙumi na iya irin wannan kukan ba, kuma ba na fatan wani ya sani.

Da wutar ta wuce muka koma, ƙasa na ƙona mana tafin ƙafa ta cikin takalmi. Yana nan da sauran numfashi, farin gashin nan duk ya tafi. Yayana ya juya shi gabas ya yanka shi don kada ya mutu mushe. Sai a lokacin na dubi dajin da kyau. Baƙi ne fayau har iyakar gani. Ga bushiya a dunƙule, ga zomaye, ga sheƙar zabin daji, ga tsoffin aduwa suna ci daga ciki suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Shiru ya yi yawa, ko kukan tsuntsu babu.

Gab da la’asar sakaliya Baba ya iso a kan babur ɗin kabu-kabu. Ya taka har wurin, ya durƙusa, ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin, ya buɗe kwaɗon, ya zare sasarin daga ƙafafun a hankali kamar mai gudun kada ya ji masa ciwo. Ranar na fara ganin hawayen mahaifina, kuma abin ya fi wutar girgiza ni.

Wutar ba ta tsaya a kanmu ba, ta yi arewa tana ci har sai da ta iske wani fako. Hayaƙi ya zauna a gari, yara da tsofaffi suka yi ta tari, idanu jajur. Mu kuwa a gida abin da muke jira da fargaba shi ne zuwan Kawu. Baba ya ware bijiminsa da rabin geronsa ya ce na ramuwa ne, ya daina cin abincin kirki.

Da Kawu ya zo, shi kaɗai ya zo, ba garke. Baba ya fara bayani, Kawu ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ce ya riga ya ji, kuma a mayar da bijimin turkensa. Ya ce a raka shi ya ga wurin. Na bi su a baya da ruwan sha. Ya daɗe yana kallon dajin ta saman rawaninsa, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza, toka ce zalla. Sannan ya ce, “Malam, kai raƙumi ɗaya kake yi wa kuka. Ni ina da garke a baya, da mata da yara masu shan nononsu. Me za su ci daga nan har ruwa ya sauka?”

A shekarar Kawu bai sauka a gonarmu ba. Ya kora dabbobinsa kudu da wuri neman ciyawa, muka ji labarin da yawa sun zube a hanya. Iska ta kwashe ƙasar kwarin tunda ba abin da ke riƙe ta, irin ciyawar ma ya ƙone, damina ta zagayo wurin ya fito tabo-tabo, sai tumfafiya. Makiyaya suka sauya hanya. Ba faɗa aka yi ba, ba a ɓata ba, amma Kawu bai ƙara gangarowa wajenmu ba har Baba ya rasu, don ba abin da zai kawo dabbobinsa su ci.

Abin da na koya shi ne, mun iya tsaron abin da ke da mai shi, har da ƙarfe da kwaɗo, amma dajin da ke ciyar da mu duka mun bar shi ba mai tsaro, kowa ya sara, kowa ya kunna ya tafi. Shi ma amana ne, kuma ya fi raƙumi girma. Mu dai ba mu gane haka ba sai da muka tsaya a cikin tokarsa.