Igiyar Jibo Mai Haƙar Rijiya

A zamanin Nasara, daga Maraɗi har Tsibiri, in aka ce rijiya sai a ce Jibo. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga surutu kamar kanari, har a cikin rami ana jin waƙarsa. A gidan Anna, wato arna, aka haife shi a Jiratawa, cikin masu yanka wa aljana Doguwa akuya. Da ya shigo birni ya musulunta, ya auri Tsahara, ɗiyar Malam Abdulmutallib. Shi ke nan ya zama jemage: wansa Kabo na ce masa ɗan malamai, surukinsa kuma na yi masa kallon ɗan Anna. Abin na ci masa rai, ko da yake dariya yake rufe shi da ita.

Wata shekara kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya ce a haƙa rijiya ɗaya tak tsakanin gonakin Malam da ƙauyen su Kabo. Nan fa ake yin ta. Malam ya ce da Fatiha za a fara sara. Kabo ya ce sai jan zakara ya zubar da jini, don ƙasar tana da masu ita. Kwana shida ana ja-in-ja, har gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo ya ce in ba a fara ba kafin ranar kasuwa, za a kai rijiyar wani gari, kowa ya ci gaba da shan tabki.

Jibo ya durƙusa gaban dattawan biyu. "Malam, a yi Fatiha daga gabas. Yaya, ka yanka zakaranka daga yamma, lokaci guda. Amma ni ban shiga ramin ga sai ku biyu kun riƙa mini igiya. Wanda ya ƙi, shi ya hana mata ruwa."

Wa zai yarda a ɗora masa wannan? Suka kama igiya, kowa ya kau da kai. Mako uku suna zura shi da safe, su jawo shi da azahar, ba wanda ya ce wa wani sannu.

Ranar da rami ya kai gaba goma sha biyu, waƙar Jibo ta tsaya cak. Rairayi ne ya zabtaro ya binne shi har ƙirji. Suka ja, igiya ta ƙi motsi. Malam ya shiga karanto duk abin da ya zo bakinsa, rawaninsa ya warware bai sani ba. Kabo kuwa ya ɗaga murya: "Doguwa ta gidanmu, ki kai kukanmu wurin Allah, ya ba ni ƙanena!"

"Amin!" in ji Malam, da ƙarfin da har matan da ke nesa suka ji. "Ja, Kabo, ja!"

"Kai ma ƙara karatun, Malam, kak ka tsaya!"

Suka ja tare, jama'a suka kama musu. Sai ga Jibo ya fito kamar an tsamo shi daga kunu, babu wando, ƙafafunsa sharkaf da laka. Lakar nan ita ce albishir, an cim ma ruwa.

Da numfashi ya dawo wa kowa, Kabo ya dubi Malam yana murmushi. "Malam, mi na ji ɗazu? Kai ne ka ce amin ga roƙon Arne?"

Malam Abdulmutallib ya tattara rawaninsa, ya ce, "Kabo, ɗana na cikin rami. Ko kura ce ta roƙi Allah, sai na ce amin."

Shekara tara Jibo yana auren Tsahara, bai taɓa jin tsohon nan ya kira shi ɗa ba. Sai ya zauna nan bakin rijiya tsakanin wansa da surukinsa, ya yi ta kuka don daɗi.