Na'urar Rijiya da Baba Ya Haɗa

Ƙanin mahaifina a cikin rijiya ya rasu. Haƙar rijiya ce sana'arsa, shi ake kira in za a yi yasa ko a ƙara zurfi, daga unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana har Ƙofar Gayan. Ranar da abin ya faru an kunna injin jan ruwa a bakin rijiyar tun safe, hayaƙinsa ya sauka ya kwanta a ƙasa ba wanda ya sani. Baffa ya ɗaura igiya ya shiga. Da aka ji shirun ya yi yawa aka jawo shi, rai ya riga ya yi halinsa.

Baba mai gyaran rediyo da talabijin ne, shagonsa a jikin zauren gidanmu yake. Bayan sadakar arba'in sai ya rage karɓar aikin mutane. Ya riƙa ba da sautu Kano ana sayo masa wasu ƙananan kayan lantarki, yana wuni a kansu. Kafin shekara ta zagayo ya haɗa wani abu a cikin 'yar robar fenti. Ana ɗaura mata igiya a zura a rijiya, in iskar ƙasa ta ɓaci sai ƙara ta tashi a sama. Ƙarar ma daga tsohuwar ƙararrawar ƙofa ya ciro ta. A cikin ganga ya riƙa gwada ta, yana tara hayaƙin janareta, har Inna ta gaji da mita.

A lokacin na gama karatun lantarki ina zaune a gida ba aiki. Wata ƙawata ta turo min sanarwa a waya, wai gwamnati ta buɗe shirin tallafa wa masu ƙirƙirar na'ura, za a ba su wurin aiki da horo da jari. Na karanta wa Baba ina murna, har na zo kan sharaɗi. Shirin na matasa ne. Baba kuwa ya haura sittin.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "ki sa sunanki kawai."

"Baba, ai ba ni na yi ba."

"Wa ya riƙe min waya ina liƙa dalma? Wa ya gyara min lissafin batir?"

Na yi waɗannan ɗin, amma ni da shi mun san ba su ne aikin ba. Na cike fom ɗin, na sa sunana ni kaɗai.

Ranar gabatarwa Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗora robar a cinya, muka shiga keke-napep muka fita bayan ganuwa zuwa cibiyar da ake gudanar da shirin. A bakin ƙofa mai gadi ya duba takarda, cikin ladabi ya ce wanda sunansa ke ciki kaɗai zai shiga. Baba bai yi gardama ba. Ya miƙo min robar, ya nuna min inda wayar batir takan saki, ya je ya zauna a kan benci a gindin darbejiya.

Mutum huɗu ne a kan tebur. Suka tambaye ni abin da ya sa na ƙirƙiri wannan na'ura. Na ce baffana ya rasu a rijiya. Gaskiya na faɗa, amma bakina bai ambaci mutumin da ke zaune a waje ba. Aka tafa min. Da na fito Baba ya tashi yana tambaya, "Ta yi ƙara kuwa?" Na ce ta yi. Bai tambayi komai ba bayan wannan.

An ɗauke ni. Cibiyar tana da wuta dare da rana, da injin da ke fitar da akwatin roba yadda ka zana shi, da kayan awon da a littafi kawai na taɓa ganin su. Mai horar da mu injiniya ne, mutumin kirki, ba ya ɓoye magana. A mako na uku ya zaunar da ni ya ce, "Malama, aikinki mai kyau ne, amma masu haƙar rijiya nawa ne za su iya saye? Ki juya ta ta riƙa jin warin gas ɗin girki. Kowane gida na buƙatar wannan, kuma shi ne zai riƙe kamfani."

Na ce ba ni da ikon yanke wannan hukunci, don na'urar ba tawa ba ce. Na gaya masa komai. Na ɗauka kora ta za a yi.

Washegari da la'asar sai ga injiniyan a ƙofar gidanmu. Ya cire takalmi ya shiga shagon Baba, ya zauna a tabarma. Baba ya harare ni, don bai so na faɗa ba. Amma da injiniyan ya fara tambaya kan yadda ya hana danshi shiga robar, sai Baba ya manta da ni, ya jawo takarda yana zane. Sun kai har kiran magariba. Kafin ya tafi ya ce shi ba zai iya canza ƙa'idar shirin ba, takardu a sunana za su tsaya, amma duk ranar da Baba ya so zuwa shi zai tarbe shi a bakin ƙofa. Sannan ya kawo maganar gas.

Baba ya ce, "Ku yi ta kicin ɗin, su ma masu girki rai gare su. Amma Uwata, kada a bar ta rijiya."

Haka aka yi. Ta kicin ita ta shiga kasuwa, ita ce har yau muke haɗawa ni da abokan aikina biyu. Ta rijiya kuwa ba ta taɓa zama haja ba. Nakan kawo wa Baba akwatunan, shi ya haɗa cikin, ya raba wa tsofaffin abokan aikin Baffa kyauta. Sau biyu kacal ya je cibiyar. Ya ce sanyin wurin yana kama masa gwiwa.

Damina ta biyu bayan nan Allah ya yi masa rasuwa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku muna cikin gida da mata, yayana ya leƙo ya ce wani dattijo mai haƙar rijiya yana son magana da ni. Na yafa mayafi na fita zaure. Ya yi min gaisuwa, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, sannan ya riƙa juya wata jaka a hannu yana jin nauyin magana. Da ƙyar ya ce tasa na'urar ta daina ƙara tun makon jiya, ga aiki yana jiran sa a Ƙofar Galadima, shi kuma ba ya son shiga ba tare da ita ba. Ya san ba lokacinsa ba ne, in yi haƙuri.

Na koma ciki na karɓi makullin shago a wurin Inna. Da na buɗe na'urar, ashe ruwa ne ya shiga ya cinye ƙafar ƙararrawar. Na kunna ƙarfen dalma na jira ya yi zafi, dattijon yana tsugune a bakin ƙofa. Da na gama muka gwada ta a ganga, ta yi ƙara, ya sa ta a jaka ya tafi wurin aikinsa.