Yadda Aka Sa Min Suna Malamin Tsuntsaye

Shekaru sun ɗan ja, wataƙila na cakuɗa wasu abubuwa. Na dai tabbata dawa ta fara nuna, ni kuma ban daɗe da kama koyarwa a wata firamare kusa da Tsiga ba.

A jami'a an ce mana ƙagaggen labari yana koya wa yaro tausayi. Na yarda, tunda har jarrabawa na ci a kai. Na roƙi hedimasta rabin awa duk Alhamis, ya ba ni da ƙyar.

Na karanta wa 'yan aji huɗu labarin wata tsuntsuwa mai nema wa 'ya'yanta abinci, duk gonar da ta sauka sai a jefe ta. Aji ya yi tsit. Wata yarinya har da kuka. Na koma gida ina jin na gyara ƙasa.

Na manta cewa aikin yaran nan bayan an tashi shi ne korar tsuntsaye a gona, da gwangwani da majajjawa.

Ranar Litinin, ko Talata, wani Alhaji, uban wasu tagwaye a ajina, ya shigo ofishin hedimasta riƙe da zangarniyar da babu ƙwaya ko ɗaya a jikinta. Aka kira ni.

"Kai ne malamin tsuntsayen?"

"Alhaji, ni dai a iya fahimtata..."

"Na tarar da yaran zaune a gona, gwangwani a kife! Wai tsuntsuwa uwa ce, tana da 'ya'ya. Ni nawa goma sha ɗayan tsakuwa suke ci?"

Hedimasta ya ce, "Malam, ko ka gyara, ko rabin awar nan ta koma lissafi."

Sai na zauna na rubuta labarin manomin da tsuntsaye suka cinye wa gona, 'ya'yansa suka wuni da yunwa. Da na karanta wa aji, wannan ma ya ratsa su. Washegari tagwayen suka kawo min gasassun tsuntsaye shida a leda, da barkono. Na karɓa, don ban san abin da ya dace in yi ba.

An bar min rabin awata, bisa sharaɗin Alhaji zai riƙa jin kowane labari tukuna. Ya amince a tausaya wa jaki, da tsofaffi, da marayu. Ya hana ɓera, da gara, da akuyar maƙwabci. Kan kaza mun yi doguwar muhawara.

Har yanzu ina ganin labari yana aiki, sai dai ban iya saita inda zai faɗa ba. Tsofaffin ɗalibaina da suka ga ba haka aka yi ba, don Allah su aiko da gyara, musamman kan ko na ci tsuntsayen, don ni ban tuna ba.