Akurkin da Na Gina a Gindin Rumbu

Wata Asabar ce bayan kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare. Baba yana saman tsani yana jera dammunan gero na ƙarshe a cikin rumbu, ni kuwa ina durƙushe a gindin rumbun, hannuwana duk laka, ina gina wa kazata ɗaki. Rumbunmu na zana ne, an ɗora shi a kan manyan duwatsu shida, an shimfiɗa itace da kara a ƙasansa, an rufe shi da jinka. Da Baba ya sauko ya kakkaɓe rigarsa, ya dafa jikin rumbun ya ce, “To, abin da Allah ya ba mu ke nan. In an yi hankali, shi kai mu wata kaka.” Mu shida ne a gidan, a wani ɗan ƙauye tsakanin Kankia da Kusada, kuma ba mu da wani abin dogaro bayan geron da ke cikin wannan zana.

Kazar wake-wake ce, kakata ta wajen uwa ta ba ni ita da muka je gaishe ta a Kunduru. Da farko a kan katanga take kwana, amma da ta yi ƙyanƙyasa muzuru ya ɗauke tsaki biyu, sai na tasa Baba a gaba da kuka kan a yi mini akurki. Ya ce ba shi da itacen rufi, balle kwano, amma ga gindin rumbu nan da rufinsa a shirye, in toshe tsakanin duwatsun da ƙasa kawai. Gidaje da yawa haka suke yi, ba a kashe ko kwabo. Na kwaɓa jar ƙasa da ƙaiƙayi, na yi kwana uku ina liƙi, na bar ƙofa daidai shigar kaza, na samo tsohon faranti da dutse na tokarewa. Ginin ya karkace, ƙannena suna ta yi mini dariya, amma a idona ko gidan mai gari bai kai shi kyau ba.

Na ɗauki kiwon nan da zafi, don ni tun ina yarinya in na sa abu a gaba ba na jin kira. Kafin in tafi makaranta sai na je bakin suri na ɗauko fasasshiyar tukunyar da na cusa wa kashin shanu da kara na kife, in zazzage wa tsaki garar da ta taru a ciki. In an tashi, ’yan ajinmu su tsaya ’yar carafke a gindin darbejiya, ni kuwa in sheƙo gida da gudu don kada shirwa ta riga ni. Inna dai sai ta bi ni da kallo. Ni ce ’yarta ta fari, don haka saboda kunya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “ke” ko “yarinyar nan”, kuma ban taɓa jin ta yabe ni a gaban mutane ba. A lokacin na ɗauka ba ta damu da ni ba ne.

Da bazara ta kama, ƙuma ta cika akurkin. Ta yi baƙi ƙirin a gefen idanun tsaki, kazar ta rame, ni ma ƙafafuna duk suka yi ƙuraje. Ina zaune a aji ina susa, yara suka sa mini suna Mai-ƙuma, har aminiyata ta tashi daga bencinmu. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Sai na tuna yadda na ga Kaka tana yi a Kunduru: ta kori kaji, ta cusa busasshiyar ciyawa a akurki, ta sa wuta, ƙuma ta mutu ƙurmus. Akurkin Kaka na ƙasa ne tun daga gindi har rufi, kuma shi kaɗai yake tsaye a tsakar gida. Wallahi wannan bambancin ko kusa bai zo mini a rai ba.

Ranar Juma’a ce, an tashe mu da wuri. Baba da sauran maza sun tafi masallaci a Kusada, Inna ta tafi rijiya da ƙannena. Na fito da kajina a hankali na kora su bayan ɗaki, na cusa ciyawa, na ɗebo garwashi a kasko daga murhu na zuba, har da hurawa. Wutar ba ta tsaya a ciyawar ba. Ta kama karan da ke sama, na ji ƙara tat-tat-tat, kafin in miƙe tsaye hayaƙi ya fara fita ta jinka. Na ruga randa, ruwan bai kai rabi ba, na watsa moɗa biyu na tsaya ina ihu. Mata suka fito daga gidaje, masu watsa ƙasa suna yi, masu salati suna yi. Inna ta iso da tulu a kai ta juye shi duka, amma rumbun zana a tsakiyar bazara ba ya jiran kowa. Geron shekara ya ƙone, har da zangarniyar iri da Baba ya zaɓa ya ajiye a sama.

Baba ya dawo da rigar Juma’arsa ya tsaya a kan toka. Yayarsa, Gwaggo, wadda gidanta ke jikin namu, ita ta yi tambayar: “Mi ya kawo wuta ga rumbu? Wa ya yi wannan aiki?” Inna ta matso kusa da ni, ta kama hannuna da ya yi baƙi, ta goge shi da bakin zanenta ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, “Ni ce, Malam. Toka na zubar, ashe da garwashi ciki.” Baba bai yi faɗa ba, ya ce, “Allah ya ƙaddara,” ya shiga ɗaki. Ni kuwa na bar laifin a kanta, kajina suna tsattsagar ƙonannen gero a gabanmu.

Dangi sun kawo gudummawa, wannan dami ɗaya, wancan kwano biyu, amma kowa da nasa bakunan. Muka koma tuwo sau ɗaya a rana, sai kwaɗon rama da tafasa. Kajin aka riƙa kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ban ko yi kuka ba, don na tsani ganinsu. Kafin ruwa ya sauka Baba ya bar wa ƙanensa gonar ya tafi kudu neman abin da za a ci. Aka kai ni Kankia gidan kawuna, ƙannena biyu aka kai su Kunduru, Inna ta zauna da na goye. Sunanta ya ɓaci a ƙauyen. In ta shiga maƙwabta ɗiban wuta, sai a ce ta bari a aiko yaro ya kai mata, ana dariya. Ba mu sake haɗuwa mu shida a gida ɗaya ba, don Baba can ya rasu bayan shekara huɗu, yana ganin sakacin matarsa ne ya raba shi da gonarsa. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tayar da maganar, bayan na yi aure. Na ce, “Inna, zancen rumbun nan…” Ta ce, “Ke, ba ki da aikin yi ne?” Ta miƙo mini tsintsiya.

Yanzu a Kankia kejin waya ake sayarwa a bakin hanya, mai ƙafafu, kana iya ɗaukarsa ka ajiye inda ka ga dama. Maganin ƙuma kuwa ɗan gari ne a leda, a barbaɗa shi ke nan. Duk lokacin da na gan shi a rataye a shago sai in ce ashe abin da muka rasa ke nan.

Bara Inna ta rasu. Muna zaman makoki, na ji wata tsohuwa tana tambayar ta kusa da ita wace Hauwa ce aka rasa, aka ce mata, “Wadda ta ƙona rumbu.” Na miƙe a gaban mata na ce ba ita ba ce, ni ce na sa wutar da hannuna. Suka dube ni da tausayi. Gwaggo, ta tsufa ƙwarai, ta girgiza kai ta ce, “Allah sarki, ɗiya tana kare uwarta. Zauna, Allah shi yi maki albarka.” Na zauna. Na faɗi gaskiya a ranar da babu sauran wanda za ta amfana.